Tarihin Karatu Daga Gida Da Haƙƙin Ɗan Adam Na Samun Ilmi

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a unguwar Kinkinau cikin garin Kaduna, wanda ya ce sana'arsa fataucin hatsi, yana saro masara daga kasuwannin Giwa da Saminaka. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce maiɗakinsa ta gama sakandare kafin a yi aurensu, yanzu 'ya'yansu huɗu, ga shi ta matsa masa tana son yin karatun malanta irin wanda ake yi daga gida. Da ya kai maganar majalisarsu, sai abokansa suka ce ai wannan ba karatu ba ne, wata dabara ce ta cin kuɗin jama'a, kuma takardar da ake bayarwa ba ta da daraja. Saboda haka yake roƙon mu ba shi tarihin wannan irin karatu, mu kuma gaya masa ko gaskiya ne akwai dokar da ta ce ilmi haƙƙin kowa ne, ko kuwa alfarma ce gwamnati ke yi wa wanda ta ga dama.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, domin ba kai kaɗai ta shafa ba. Akwai manoma da 'yan kasuwa da matan aure bila adadin waɗanda ke son karatu, amma ba su da halin barin gona ko rumfa ko goyo su je su zauna a aji. Abin da ake nufi da karatu daga gida, ko karatu daga nesa, shi ne malami yana wani wuri, ɗalibi yana wani wuri, sai a sami abin da zai ɗauki darasin ya kai masa. A da ƙafa ce da takarda, daga baya gidan waya da rediyo, yau kuma ga wayar hannu da intanet.

Kafin mu tafi ƙasar Turai, bari mu fara daga gida, don abokanka su san abin ba baƙo ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta lura cewa matan ƙauye ba za su iya baro mazansu da 'ya'yansu su zo Sakkwato ɗaukar karatu ba. Sai ta zaɓi waɗansu dattijan mata masu hankali da riƙon amana, ana kiran kowaccensu jaji, ta ɗora mata malfa a ka alamar shugabanci. Jaji takan zo wurinta tare da 'yan rakiya, ta koyi waƙoƙin da Nana ta tsara a kan addini da tarbiyya da zaman duniya, ta hardace su, sa'an nan ta koma ƙauyensu ta koya wa matan da ke cikin gida. Waɗannan su ne ake kira 'Yan Taru. Nana ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, don kowa ya sami rabonsa cikin harshen da yake ji. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Ka ga ke nan, malama tana birni, ɗalibai suna ƙauye, darasi yana tafiya a ƙafa. Kuma matan aure irin maiɗakinka aka yi abin dominsu.

A daidai wannan zamani, can a Ingila, wani malami mai suna Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutun akawu ta gidan waya a 1840. Abin da ya ba shi dama shi ne a shekarar ce aka mai da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya tak zuwa ko'ina cikin ƙasar. Yakan aika wa ɗalibi darasi, ɗalibi ya yi aikin ya maido, shi kuma ya gyara ya sake aikawa. A 1858 kuma Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa, ta ce mutum na iya zama jarrabawar digirinta ko da bai taɓa taka harabar wata kwaleji ba, muddin dai ya ci jarrabawar.

Wannan ƙofa ce 'yan Nijeriya na farko suka bi, domin sai a 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kafin nan babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Akawu ko malamin makaranta sai ya yi ta tara 'yan kuɗinsa, ya aika wa makarantun koyarwa ta wasiƙa irin su Wolsey Hall da ke Oksfod, ko Rapid Results College da ke Landan. Darasi ya taso cikin jirgin ruwa, ya yi makonni a hanya, mutum ya karanta da dare a gaban fitilar ƙwai bayan ya taso aiki.

Malam, tunda kai ɗan kasuwa ne, sa hannu a aljihu ka zaro takardar naira 10. Mutumin da hotonsa ke jiki, Alvan Ikoku, malamin makaranta ne, kuma ta wannan hanya ya sami digirin Jami'ar Landan a ƙarshen shekarun 1920 yana zaune a ƙasarsa. Zaro ta naira 100 kuma. Obafemi Awolowo ya yi fataucin koko da harkar sufuri, har kasuwa ta taɓa karya shi, amma ya sami digirin ilmin ciniki na Landan a 1944 ta karatun wasiƙa, kafin ya tafi Ingila koyon aikin lauya. A Afirka ta Kudu kuwa, jami'ar da ake kira UNISA ta fara koyarwa daga nesa a 1946, kuma daga gare ta Nelson Mandela ya sami digirinsa na shari'a a 1989 yana tsare. In abokanka sun ce takardar ba ta da daraja, sai ka nuna musu kuɗin da ke hannunsu.

Yanzu sai batun haƙƙi. Ran 10 ga watan Disamba 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a birnin Faris ta amince da sanarwar haƙƙoƙin ɗan Adam. Sashe na 26 na sanarwar ya tabbatar wa kowane mutum haƙƙin samun ilmi. Ya nemi ilmin farko ya zama kyauta kuma dole, ilmin sana'a ya wadata, ilmi mai zurfi kuma a buɗe shi ga duk wanda ya cancanta ba tare da fifiko ba. Ya kuma bar wa iyaye ikon zaɓen irin ilmin da za a ba 'ya'yansu. Ka lura ba a ware mace ba, ba a ware baƙauye ba, ba a kuma yanka shekaru ba. A lokacin Nijeriya na hannun Turawa, sai a watan Oktoba 1960 ta shiga Majalisar. A 1981 ƙasashen Afirka suka yi tasu yarjejeniyar a Nairobi, wadda sashenta na 17 ya maimaita wannan haƙƙi, Nijeriya kuma ta mai da ita dokar cikin gida a 1983.

To amma rubuta haƙƙi a takarda abu ne mai sauƙi, kai shi ƙofar gidan mai shi ne aiki. A nan ne Kaduna ta shigo cikin labarin, ta yi ruwa ta yi tsaki.

Tun a farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa, mai mazauni a Kaduna, ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Alhaji Ahmadu Kumasi na Katsina ya yi fice wajen jagorancinsa. An buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha, ana kai su har kasuwannin ƙauye. Dattawa da yawa da suka riƙa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansu, a nan suka koyi baƙi da wasali na boko. A 1962 kuma aka buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, murya ta fara isa inda mota ba ta zuwa.

Babban canji ya zo a watan Satumba 1976, lokacin da Shugaban Ƙasa Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Masu lissafi sun yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. Aka rasa azuzuwa, wasu yara a gindin bishiya suka fara. Abin da ya fi tsanani shi ne rashin malamai. Dole aka ɗebo mutane da yawa waɗanda ba su da horon koyarwa, aka miƙa musu alli. To, ina mafita? In an kwashe su an mai da su kwaleji, yara sun zauna babu malami. In an bar su, makaho ne ke jan makaho.

Mafitar da aka samu ita ce a kai musu kwalejin inda suke. A wannan shekara ta 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wadda kowa ya sani da NTI, aka ba ta doka mai lamba 7 a 1978, aka kuma ajiye hedkwatarta a Kaduna. Tana nan a Rigacikun, kan hanyar Zariya. Yadda take aiki shi ne masana su rubuta darussa cikin littattafai, a tsara su ta yadda mutum zai iya bi shi kaɗai, a buga a rarraba. Malami yana koyarwa daga Litinin zuwa Juma'a, ya yi nazari da dare, a ƙarshen mako da lokacin hutu ya je cibiyar da ke kusa da shi ya haɗu da mai yi masa ƙarin bayani. Da farko ta mai da hankali ga takardar malanta mai daraja ta biyu, watau Giredi Tu. A 1990 ta fara bayar da NCE ta wannan hanya, wadda ita ce mafi ƙanƙantar takardar da manufar ilmi ta ƙasa ta amince mutum ya yi koyarwa da ita. Malam, in ka bincika a makarantar firamaren ƙauyen da kake saro masara, da wuya ka rasa malamin da ya bi ta wannan cibiya. Irin karatun da maiɗakinka ke nema ke nan, kuma ga uwar gidan abin a cikin garinku.

Akwai kuma waɗanda ko ajin ƙauye ba ya riskar su, watau makiyaya. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa, ita ma hedkwatarta a Kaduna. Da aka lura Bafulatani ba ya rabuwa da rediyonsa ko a bayan shanu, sai a shekarun 1990 hukumar ta fara shirin Don Makiyaya a Ruga a gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, ana faɗakarwa kan karatun yara da lafiyar dabbobi da zaman lafiya.

Ta fuskar jami'a kuwa, tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969, ɗalibai suka fara a 1971, ana watsa darussa ta BBC. Shugaba Shehu Shagari, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya so a yi irinta a nan, aka kuwa sa hannu kan dokarta a watan Yuli 1983. Ba ta ko tsaya da ƙafafunta ba soja suka karɓi mulki a ƙarshen shekarar, ga tattalin arziki cikin matsi, a watan Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita. Haka ta kwanta shekara 18, sai a 2002 gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita. Ita ce jami'ar karatu daga gida da ake kira NOUN. Ka yi tunanin yawan mutanen da suka tsufa a cikin waɗannan shekaru 18 suna jira. Jami'ar ta gaji tsohuwar cibiyar fasahar koyarwa ta ƙasa da ke Kaduna, kusa da filin baje koli a hanyar Zariya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Ta buɗe cibiyoyi har a gidajen yari irin su Kirikiri da Kuje, inda ɗaurarru ke karatu. Shi kansa Obasanjo ya koma ɗalibinta bayan ya sauka daga mulki, ya karɓi digirin dakta a 2018 yana da shekara 80 da 'yan kai. Hausawa dai sun riga sun ce gemu ba ya hana ilmi.

Sai dai mu faɗa maka gaskiya, raina irin wannan karatu ba a majalisarku aka fara shi ba. An daɗe ana jayayya kan ko ɗaliban jami'ar za su shiga makarantar horar da lauyoyi ko su yi bautar ƙasa kamar sauran, har sai da aka yi wa dokar jami'ar gyara a 2018.

To, a dokar ƙasa, haƙƙi ne ko alfarma? Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin yaƙi da jahilci, da samar da ilmin firamare da na sakandare da na jami'a da na manya kyauta, amma ya ce gwargwadon lokacin da hali ya samu. Bugu da ƙari, sashen yana cikin babi na 2, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi. Watau an ba ka da hannun dama, an riƙe da na hagu. Amma an sami ci gaba. A watan Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, sa'an nan dokarsa ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Dokar ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta a wannan mataki a makarantar gwamnati, da kuma uban da ya ƙi kai ɗansa: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 a karo na biyu. Daga nan wata ƙungiya mai suna SERAP ta kai gwamnatin tarayya ƙara kotun ECOWAS da ke Abuja. A 2009 kotun ta ce tana da hurumin sauraren ƙarar bisa yarjejeniyar Afirka, a watan Nuwamba 2010 kuma ta tabbatar da cewa ilmin farko kyauta haƙƙi ne na kowane yaron Nijeriya.

Saboda haka amsar ita ce: karatun 'ya'yanka huɗu har ƙaramar sakandare haƙƙi ne da doka ta tsaya masa, ba alfarma ba. Karatun maiɗakinka kuwa ba kyauta ba ne, za ku biya, amma ba wanda ke da ikon rufe mata ƙofa don ita mace ce, ko don tana da aure, ko don shekarunta.

Kada kuma mu yabi abin fiye da kima. A watan Maris 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da dama, har da Kaduna, suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. An ce da babu gara ba daɗi, amma an ga iyakar abin. Gidan da ke da lantarki da babbar waya da mai duba yaro ya amfana, yaron ƙauye kuwa ya tafi gona. Ɗan shekara 6 ba zai koyi riƙon fensir daga akwatin rediyo ba, sai da malami a gabansa. Hukumar UNICEF ta sha faɗin cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Waɗannan aji da malami suke bukata, kuma bai kamata wata gwamnati ta fake da rediyo ko intanet ta ce ta sauke nauyinsu ba. Karatu daga gida ya fi amfani ga babba wanda ya riga ya iya karatu da rubutu, kuma a nan ne ya taimaki yara ta bayan gida, domin shi ya horar da malaman da ke tsaye a gabansu.

Shawararmu gare ka guda uku ce. Ta farko, tsoron abokanka yana da tushe ta wani gefen, don akwai 'yan damfara masu buɗe ofis a ɗaki ɗaya su ce jami'a ce. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, takan fitar da sunayen haramtattun jami'o'i lokaci lokaci. Kada ka ba wani ɗan tsakani ko kwabo. Daga Kinkinau zuwa Rigacikun ba wata tafiya ba ce ga mai zuwa Saminaka. Ku je da kanku, ita da kai, da sakamakon jarrabawarta ta sakandare, ku ji sharuɗɗa da kuɗin daga bakin masu abin, ku kuma karɓi rasit a kan duk abin da kuka biya.

Ta biyu, ka sani cewa abin da ya fi ka da ɗaliban gida ba wuyar darasi ba ne, rashin lokaci ne da rashin mai ƙarfafa gwiwa. Mai zuwa aji ƙararrawa ke kiran sa, mai karatu a gida kuwa tukunya da kukan yaro ke kiran ta. In ka amince, to amincewar ta haɗa da sa'a biyu a kullum da ba wanda zai taɓa, da fitila, da kuɗin mota ranar zuwa cibiya, da wanda zai riƙe yara lokacin jarrabawa da lokacin gwajin koyarwa a aji.

Ta uku, ka yi lissafin abin kamar yadda kake lissafin buhu. Shekarun za su wuce ko ta yi karatun ko ba ta yi ba. In ta yi, ka sami mai duba littattafan 'ya'yanka a gida, unguwa kuma ta sami malama mace, wadda saboda ita wani uban zai yarda ya bar 'yarsa ta ci gaba da zuwa makaranta.

Da fatan mai tambayarmu na Kinkinau ya gamsu, a kuma gai da mutanen majalisa, a karanta musu wannan amsa. Muna jiran takardarka ta gaba mu ji yadda kuka ƙare. Sauran masu sauraro da muka ga takardunsu, a yi haƙuri, muna bin layi ne. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.